Amsoshin Tambayoyinku: Iska a Cikin Jini Lokacin Tiyatar Zuciya

Tambaya: Za a canza wa mahaifina bawul ɗin zuciya. Na ji an ce iska kan shiga jini ana cikin aikin, har mutum ya shanye. Da gaske ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Da gaske ne, sai dai ba kowane kumfa ne abin fargaba ba. Ɗan wanda kike gani a robar ƙarin ruwa, huhu ke tare shi. Matsalar tana ɓangaren hagu na zuciya, inda jini ke tashi kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, babu matata a tsakani. Ga shi kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, mai wuyar narkewa a jini. Sai kumfan ya tokare ƙaramar jijiya.

Duk zuciyar da aka buɗe sai iska ta shige ta, don haka likitoci a shirye suke. Mai ba da maganin barci yana zura na'urar hoto ta maƙogwaro, ta tsaya a bayan zuciya, kumfan ya riƙa fitowa a allo fari ƙal. Ba a raba mutum da injin da ke riƙe masa aikin zuciya da huhu sai an fitar da iskar. Likitoci da dama ma suna kwararo iskar kabon dayokzaid cikin ƙirjin tun farko, domin ta fi saurin narkewa. Kumfan da ya kuɓuce yakan faɗa jijiyar dama mai ciyar da zuciya, saboda ita ce a sama idan mutum na rigingine. Nan take layin bugun zuciya ke canzawa, kuma galibi ɗaga hawan jinin ya isa ya kora shi gaba.

Babban haɗari, wanda ba kasafai yake faruwa ba, shi ne injin ya tunkuɗo iska mai yawa. Nan ana bin matakan da wasu likitoci, Mills da Ochsner, suka wallafa a 1980: a tsayar da injin, a karkata kai ƙasa, a juya akalar jinin ta babbar jijiyar da ke dawo da shi daga kai domin a koro kumfan baya, a sanyaya jiki, a ba da iskar oksijin zalla. Idan majiyyacin ya farka da alamar shanyewar ɓarin jiki, ana gaggauta sa shi a ɗakin matsin iska irin na masu nutso a teku. Ba kowane asibiti ke da wannan ɗaki ba, don haka ki tambayi likitan Baba tanadin da suka yi.