Yaya Ake Sauke Bayan Tsohuwar MGB?

Wani mai sauraronmu na tambaya: me ya sa motarsa MGB, ƙirar Ingila, ta yi tsayi, kuma yaya zai sauke bayanta?

To malam, daga ƙarshen 1974 kamfanin ya ɗaga motar saboda dokar Amurka kan tsayin fitilun gaba, shi ya sa take tangaɗi a kwana. Aksil ɗin baya yana zaune ne a kan sifirin mai falle-falle, don haka makanike zai cusa ɗan tubalin alminiyam tsakaninsu, ya sa dogayen ƙusoshi masu lanƙwasa. Sai bayan motar ya sauko. A sauke gaban ma, kuma a kula kada salansa ta riƙa gogar ƙasa.