Darasin Kimiyya: Yadda A Ke Gwada Ƙasar Da Guba Ta Shiga

Akwai wata guba da a ke ce da ita arsenik. Tana cikin duwatsu tun asali, sau da yawa haɗe da jan ƙarfe ko zinariya. In an narka dutsen da wuta sai ta tashi cikin hayaƙi, ta sauko kamar ƙura. Ba ta ruɓewa yadda ganye ya ke ruɓewa, domin haka ko an rufe ma'aikata, gubar tana nan inda ta sauka.

Bari mu ɗauki misali daga Amurka. A bakin garin Takoma, cikin jihar Washinton, kamfanin Asarco ya yi shekaru masu yawa yana narka jan ƙarfe, har 1985. Tsawon bututun hayaƙinsa ya fi ƙafa 550. An yi shi da tsawo domin a raba mutanen gari da hayaƙi, amma sai iska ta kwashi ƙurar ta watsa bisa ƙasar da ta fi murabba'in mil 1,000. An rushe bututun a 1993, ƙurar kuwa ba ta tafi ko'ina ba.

To, yaya za a san filin da ya ɓaci? Ido ba ya gani, hanci ba ya ji, ciyawa ma tana tsirowa lafiya lau.

Mai bincike ba ya fara da haƙa. Da fari sai ya nemi tsofaffin taswira, ya tambayi dattawa inda a ke zubar da toka a dā, ya lura kuma da inda iska ta saba kaɗawa. A Takoma, tsibirin Bashon da ke arewa ya sami rabo mai yawa saboda iska. Sa'an nan ya raba filin gida gida kamar daran dara, ya ɗebi ƙasa daga kowane gida, ya sa a leda mai tsabta, ya rubuta wuri da zurfi. Lalle ya wanke abin haƙarsa kafin ya matsa gaba, gama in bai wanke ba zai kai gubar wannan rami cikin wancan, lissafi duka ya lalace. A ganina nan ne aikin ya fi wuya, ba a ɗakin gwaji ba, domin gajiya ta kan sa mutum ya yi ha'inci.

Zurfi kuma abin lura ne. Inda ba a taɓa ƙasa ba, kamar cikin daji, gubar ta fi taruwa a inci 6 na sama. Inda aka yi noma ko gini, an riga an cakuɗa ta da ta ƙarƙashi. Saboda haka filaye biyu maƙwabta su kan ba da amsa dabam dabam, rami ɗaya kuwa ba ya isa shaida. Har wa yau dole a ɗebo ƙasa daga nesa, inda hayaƙi bai kai ba, a gwada, gama kowace ƙasa tana da ɗan arsenik nata na halitta. In ba a san wannan ba, ba za a san abin da ma'aikata ta ƙara ba.

Akwai na'ura ta hannu mai haska ƙasa ta ba da amsa nan take, amma a kan aika da waɗansu ledojin ɗakin gwaji domin a tabbatar. Jihar Washinton ta ajiye iyakarta a kashi 20 cikin miliyan. Ruwan rijiya shi ma a kan gwada shi. Tun 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ruwan sha a kashi 10 cikin biliyan, watau abin da harshe ba zai taɓa ɗanɗanawa ba.

Mu da za mu zama malamai, ga inda abin ya shafe mu. Yara ƙanana su ne su ka fi haɗiye ƙasa, gama suna wasa a ƙasa, hannu kuma ba ya rabuwa da baki. Mun ga irin wannan a Zamfara a 2010, ko da ya ke dalma ce a can, ba arsenik ba. Wanda arsenik ya daɗe yana shiga jikinsa kaɗan kaɗan, fatarsa ta kan yi ɗigo ɗigo baƙi, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, bayan shekaru kuma ya kan kawo ciwon daji na fata, ko na huhu, ko na mafitsara. Shi ya sa a Takoma aka ba filayen makarantu da wuraren renon yara muhimmanci wajen gwaji. A 2009 jihar ta karɓi dala miliyan 94 da 'yan kai daga kamfanin, da su a ke kwashe ƙasar sama a zuba sabuwa. Gidajen da aikin bai kai gare su ba, an gargaɗe su su tuɓe takalma a bakin ƙofa, su goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, su wanke hannun yara kafin cin abinci.