Masai na zamani mai shan ruwa shi kaɗai: yadda za mu gyara shi

A biranenmu kamar Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, masai na zamani yana ƙara yawa. Muna ganin shi a gidaje, da asibitoci, da makarantu. Shi ne wanda ke da tankin ruwa a bayansa. Wani lokaci cikin dare mukan ji tankin yana shan ruwa, alhali ba wanda ya shiga. Ya yi "shuuu" na ɗan lokaci, ya yi shiru, can an jima ya sake. Mutane da yawa ba su kula da wannan ƙara. Amma ƙarar asara ce. Darasinmu na yau zai nuna mana dalilinta da maganinta.

Me ke cikin tanki?

Mu ɗaga murfin tankin a hankali, mu aje shi ƙasa, don yana fashewa. Idan murfin yana da maɓalli a tsakiya, sai mun kwance maɓallin tukuna. A ciki za mu ga abubuwa uku.

Na farko, ƙofar shigar ruwa. Tana haɗe da wata ƙwallo ta roba mai yawo bisa ruwa. Idan ruwa ya hau, ƙwallon ta hau, ta rufe ƙofar. Idan ruwa ya sauka, ta sauka, ta buɗe ta.

Na biyu, ƙofar fitar ruwa, a gindin tanki. Wata roba mai laushi ce ke toshe ta. Masu gyaran famfo suna ce mata juwan.

Na uku, bututun ambaliya, mai buɗaɗɗen baki a sama. Idan ruwa ya yi yawa, ta nan yake bi ya sauka cikin masai.

Mene ne dalilin ƙarar?

Mafi yawan lokaci laifin robar gindi ne. Zafi da tsufa suna sa ta taurare ko ta tsage. Wani lokaci kuma rairayi ne ya kwanta ƙarƙashinta, musamman bayan an ɗauke ruwa an maido. Sai ruwa ya riƙa silalewa kaɗan-kaɗan zuwa cikin masai, ba a ji, ba a gani. Ruwan tanki ya ragu, ƙwallo ta sauka, ƙofa ta buɗe, tanki ya cika, ƙara ta tsaya. Haka abin yake ta juyawa dare da rana.

Mu yi lissafi

A ce tankin yana ƙara rabin litir kowane minti 10. A awa guda litir 3 ke nan. A kwana guda, litir 72. A wata mai kwana 30, litir 2160. Wannan ya kai bido 86 masu cin litir 25. Duk kontar, watau agogon ruwa, tana ƙirga shi, kuma mai gida ne zai biya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa mutum yana bukatar aƙalla litir 20 a rana don sha, da girki, da ɗan tsabta. Ashe masai guda yana iya zubar da rabon mutum uku a kullum. Mutanen Damagaram, da suka san bin layin famfo lokacin bazara, sun san darajar bido guda. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika.

Akwai kuma maganar lafiya. Ruwan da ke silalewa ramin masai yake tafiya. Ramin ya cika kafin lokacinsa, a biya kuɗin kwasa. Idan ba a kwashe ba, ƙazanta ta malalo cikin gida ko kan hanya, inda yara ke wasa. Ƙudaje da sauro su samu wurin zama. Ta haka zawo da kwalara ke yaɗuwa. Ruwan yana iya kaiwa ga rijiyar da ke kusa, yana kuma jiƙa gindin katanga.

Yadda za mu gane

Mu jiƙa ɗan shuni na wanki, mu zuba cikin tanki. Kada kowa ya ja ruwa har rabin awa. Sa'an nan mu duba cikin masai. Idan ruwansa ya yi shuɗi, robar gindi tana yoyo.

Mu duba tsayin ruwan kuma. Ya kamata ya tsaya ƙasa da bakin bututun ambaliya da kamar faɗin yatsu biyu. Idan yana taɓa bakin, to laifin ƙwallo ne.

Gyaran robar gindi

1. Mu rufe ɗan famfon da ke kai ruwa cikin tanki.
2. Mu ja ruwa, tankin ya zama fanko.
3. Mu fitar da abin da ke ɗauke da robar. A yawancin tankuna ana ɗan murɗa shi da hannu, sai ya fito. Kada mu sa ƙarfi.
4. Mu wanke robar da mazauninta. Mu bi da yatsa mu ji ko akwai rairayi. Idan farin dutse ya kama wurin, mu goge da ruwan lemun tsami.
5. Idan robar ta taurare, ko ta tsage, ko tana baƙanta yatsa, ta mutu. Mu tafi da ita shagon kayan famfo, mu sayo irinta daidai, domin girmansu ba ɗaya ba ne. Kafin mu samu sabuwa, idan mai faɗi ce, muna iya juya ta baya, ta yi ƴan kwanaki.
6. Idan tankin mai sarƙa ne, mu duba kada sarƙar ta ɗaure tam, ko ta shiga ƙarƙashin robar. A bar mata ɗan sassauci.
7. Mu maida kome wurinsa, mu buɗe ruwa, mu sake gwajin shuni.

Gyaran ƙwallo

Idan ruwa yana haura bututun ambaliya, mu saukar da ƙwallon kaɗan. Wasu suna da ƙusa da ake murɗawa. Wasu sandar ƙarfe ce, sai a ɗan tanƙwara ta ƙasa. Mu girgiza ƙwallon kusa da kunne. Idan mun ji ruwa ciki, ta huje, sai sabuwa.

Gargaɗi

Kada mu riƙa zuba ruwan jabel cikin tanki, yana cin roba. Kada mu haɗa jabel da lemun tsami ko wani abu mai tsami, domin suna fidda iska mai guba. Bayan aiki mu wanke hannu da sabulu. Idan tankin ya tsage, ko ruwa yana ɗiga ƙasa, mu rufe famfo mu kira mai gyara. Idan gyara bai samu ba yau, mu riƙa rufe ɗan famfon bayan kowane amfani.

Kuɗin roba guda bai kai kuɗin kwasar rami ba. Mai gadi, da mai aikin gida, da uwargida, kowa yana iya wannan gyara. Wanda ya koya, ya koya wa maƙwabcinsa.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke cikin tanki?
2. Yaya ake gwajin shuni?
3. Idan tanki yana zubar da litir 5 a awa, litir nawa ke nan a kwana guda? Bido nawa zai cika?