Darasin Wannan Mako: Ƙahon da Yake Faɗuwa da Kansa

 Yau za mu leƙa ƙasashen sanyi, mu ga wata sana'a da ba mu da irinta a nan, wato tsintar ƙahon barewa a lokacin hunturu. Ba farauta ba ce, domin ba a kashe dabbar, ba a ma taɓa ta. Ita da kanta take zubar da ƙahonta a daji, mutane su bi su tsince. Sai dai akwai sani a cikin aikin, akwai kuma doka, domin mai ganganci yana iya halaka dabbar da ya zo cin arzikinta.

Ƙaho iri biyu ne

Da farko mu gyara wata fahimta. Ƙahon saniya, da na rago, da na gada, da na barewar dajinmu duk iri ɗaya ne: ƙashi ne a ciki, an lulluɓe shi da kube mai tauri irin abin da farcenmu ya ƙunsa. Wannan ƙaho ba ya rassa, kuma yana nan a kan dabbar har ta mutu.

Dabbar da muke magana a kanta dangi ne daban. Turawa suna kiranta diya, mu kuma saboda kama muke ce mata barewar ƙasashen sanyi. Ƙahonta ƙashi ne zalla, yana da rassa kamar busasshen itace, kuma duk shekara yakan faɗi wani ya tsiro. Ana samun danginta a Turai, da Asiya, da nahiyar Amurka. A Afirka kuwa iri ɗaya tak ne ɗan asali, yana zaune a dazuzzukan tsaunukan Atlas, wajen Aljeriya da Tunisiya. A mafi yawan dangin, maza ne kaɗai ke da ƙaho. Barewar can ƙuryar arewa, wadda ake kiwo a Norwe da Finlan da Rasha, ita ce ta fita daban, domin matanta ma suna da shi.

Me ke sa ya faɗi?

Ƙahon yana tsirowa ne daga wasu 'yan tudun ƙashi guda biyu a goshin dabbar. Idan sanyi ya wuce, yini ya fara tsawo, sai sabon ƙaho ya fito a lulluɓe da fata mai laushi kamar karammiski, cike da jijiyoyin jini masu kai masa abinci. Girmansa yana da sauri ƙwarai. A jikin babbar barewar Amurka da ake kira elk, ƙaho yana iya ƙaruwa da kusan santimita 2.5 a yini guda, kuma cikakkun ƙahoni biyu suna iya kai kilo 18.

Idan rani nasu ya ƙare, sinadarin maza a jinin dabbar yakan ƙaru. Sai jini ya daina zuwa, fatar ta bushe, namijin ya goge ta a jikin itatuwa, ƙahon ya zama farin ƙashi mai tauri. Da shi maza ke karo da juna a lokacin barbara. Bayan barbara sinadarin yakan ragu. Daga nan wasu ƙwayoyin halitta masu narkar da ƙashi su fara cin gindin ƙahon, har mahaɗar ta yi rauni. Ɗan girgiza kai ko tsalle ɗaya ya isa ya kayar da shi.

Kowane iri da lokacinsa. Ƙaramar barewar Turai takan zubar da nata tun daga Oktoba zuwa Disamba. Barewa mai farin bindi ta Amurka tana zubarwa galibi daga Janairu zuwa Maris. Elk da jar barewar Turai sukan kai Maris ko Afrilu.

Ina ake nema?

Ƙa'idar ɗaya ce: ƙaho yana faɗuwa ne inda dabbar ta fi daɗewa. A hunturu dusar ƙanƙara takan rufe ciyawa, abinci ya yi wuya, don haka dabbar ba ta yawon banza. Rayuwarta takan taƙaita a wurare uku.

Na farko makwanci. Takan kwanta a cikin duhuwa ko ƙarƙashin itatuwa masu kare iska. Tana kuma son gangaren tudu mai fuskantar kudu. Me ya sa? Ku tuna darasin labarin ƙasa: a ƙasashen da ke can arewa, rana a hunturu tana ratsawa ne ta sashen kudu na sama. Saboda haka gangaren da ya kalli kudu ya fi ɗumi, ƙanƙararsa kuma ta fi saurin narkewa.

Na biyu wurin kiwo, kamar gonakin masara da waken suya da aka girbe, ko bakin daji mai ƙananan itatuwa. A nan dabbar takan sunkuyar da kai tana tonon abinci, motsin kuwa yana taimaka wa ƙahon ya saki.

Na uku turbar da ta haɗa makwanci da wurin kiwo. A kan wannan turba, masu nema sukan fi zura ido inda dabbar ke tsallake shinge ko rafi, domin dirar da take yi bayan tsalle ita ke fizge ƙahon da ya riga ya yi sako-sako. Sawu a kan ƙanƙara, da kashin dabbar, da itatuwan da aka goge wa ɓawo, su ne alamomin da ke nuna an zo wurin.

Yaya ake nema?

Tafiya ake yi a hankali, ba sauri ba. Masu gwaninta sukan raba fili layi-layi, su bi wannan su dawo ta wancan, don kada su bar gurbi. Ba cikakken ƙaho ido ke nema ba, domin ganye da ƙanƙara sukan rufe mafi yawansa. Ɗan tsini ake nema, ko lanƙwasa mai santsi da ba ta yi kama da reshe ba. Ranar da hadari ya rufe sama ta fi dacewa, saboda hasken rana mai ƙarfi yana jefa inuwa ya rikita ido. A buɗaɗɗen fili akan yi amfani da madubin hangen nesa, wasu kuma suna horar da karnuka su bi ƙanshi. Wanda ya tsinci ƙaho ɗaya yakan zagaya kewayen wurin, domin sau da yawa ɗan'uwansa bai yi nisa ba.

Jinkiri ma yana da tasa hasara. Ɓeraye da kurege da beguwa suna gaigayar ƙahon don samun kalsiyam da fosfaras, kuma hakan yana rage musu tsawon haƙora. Wanda aka tsinta da kyansa kuwa akan yi ƙotar wuƙa da shi, da maɓallan riga, da kayan adon ɗaki, har da abin taunawa na karnuka.

Inda haɗarin yake

A ƙarshen hunturu dabbar tana rayuwa ne da ragowar kitsen da ta tara tun kaka. Duk lokacin da mutum ya firgita ta ta ruga cikin ƙanƙara, tana ƙona kitsen da ba ta da hanyar mayarwa. Idan abin ya yawaita, sai ta rame ta mutu kafin sabuwar ciyawa ta fito, masu ciki kuma su yi hasarar 'ya'yansu. Wato mai gaggawar tsintar ƙahon bana yana iya hana kansa na baɗi.

Shi ya sa hukumomi suka sa doka. A jihar Wayomin ta Amurka, an hana tsintar ƙaho a filayen gwamnati na yammacin jihar daga 1 ga Janairu har ƙarshen Afrilu. Jihar Yuta tana sa mai nema ya fara yin ɗan gajeren kwas kan ladubban aikin. A manyan gandayen daji na ƙasa kuwa haramun ne a ɗauki ƙaho ko da yaushe. Gonar wani kuma ba a shiga sai da izininsa.

Akwai misali mai kyau a garin Jaksin da ke Wayomin. A gefen garin akwai gandun da aka keɓe wa elk tun 1912, inda dubbansu ke cin hunturu. Bayan dabbobin sun koma tsaunuka, 'yan sikawut na yankin, yara kamarmu, sukan taya ma'aikata tattara ƙahonin. A watan Mayu a yi gwanjonsu a dandalin garin, kaso mafi tsoka na kuɗin ya koma wajen kula da gandun, sauran ya shiga asusun 'yan sikawut. A kusurwoyi huɗu na dandalin akwai manyan ƙofofi masu baka da aka gina da ƙahoni.

Abin da za mu ɗauka

Mai tsintar ƙaho ba da sa'a yake aiki ba. Ya san abin da dabba ke ci, da inda take kwana, da inda rana ke bi, sannan ya san lokacin da ya kamata ya ƙyale ta ta huta. Ilimin halittu da labarin ƙasa da muke gani a allo, ga su nan suna aiki a daji. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, a nan kuwa haƙurinsa ne ke raya dabbar.

Ga tambayoyi uku, a rubuto amsa a miƙa wa wakilin ƙungiya na kowane aji kafin Alhamis. Ɗaya, kawo bambanci biyu tsakanin ƙahon rago da na elk. Biyu, me ya sa ake duba gangaren da ya fuskanci kudu? Uku, da a ce neman a ƙasar Ajantina ake yi, wane gangare za a duba, kuma don me?