Kano Zuwa Jidda: Yadda Za Ka Gano Nisa Da Tsawon Tafiyar Jirgi A Wayarka

Wani naka zai tafi Umara, ya turo maka hoton tikitinsa ta WhatsApp. An rubuta jirgi zai tashi daga Kano ƙarfe 10:00 na dare, ya sauka Jidda ƙarfe 4:30 na asuba. Kana ƙirgawa da yatsu sai ka samu awa shida da rabi. To, ba haka ba ne.

Mu fara da nisan. Buɗe Google Maps, ka nemo filin jirgin Malam Aminu Kano, ka danne wurin har jan alama ta fito, sannan ka zaɓi Measure distance. Ja taswirar har ka kai filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda. Za ka ga kusan kilomita 3,400. Jirgin fasinja kuwa yakan yi kamar kilomita 850 a awa ɗaya idan ya daidaita a sama. Raba 3,400 da 850, ka samu awa huɗu. Ƙara kamar rabin awa na gangarawa zuwa titin tashi, da hawa sama, da saukowa a hankali. Awa huɗu da rabi ke nan.

Ina sauran awa biyun suka shiga? Ba su shiga ko'ina ba. Kowane lokaci da ke kan tikiti, agogon garin da filin jirgin yake ne, kuma agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu. Ƙarfe 4:30 a Jidda, 2:30 ne a Kano. A dawowa ne abin yake cin mutane: jirgin da ya bar Jidda ƙarfe 10:00 na safe ya sauka Kano 12:30 na rana, sai ka ce awa biyu da rabi ya yi. Mai zuwa tarya kada ya ƙara komai, kada ya rage komai. 12:30 ɗin nan agogon Kano ne. Idan ka ce bari ka yi masa gyara, ko dai ka yi ta zaman jira, ko ka bar tsohuwa a tsaye da jakunkuna da jarkar zamzam.

Sai dai fa layin da ka ja a taswira ba lalle ne shi jirgi zai bi ba. Miƙaƙƙiyar hanyar tana ratsa Chadi da Sudan kafin ta tsallake Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jirage suka riƙa kewayawa, tafiyar ta ƙara tsawo. Iska ma tana da nata, amma ta fi tasiri a hanyoyi irin na Landan zuwa New York, inda zuwa ya fi dawowa daɗewa da kusan awa guda.

Don haka lissafin kai na kintace ne kawai. Ranar tafiya, saka lambar jirgin a manhajar Flightradar24, za ta nuna maka hanyar da yake bi a zahiri da lokacin da ake sa ran saukarsa. Shi kuma matafiyin, ka duba masa saitin kwanan wata da lokaci a wayarsa tun a gida, ka tabbatar yana kan sauyawa da kansa, don kada ya sauka Jidda wayarsa tana nuna masa agogon Kano.