Kare Yara Daga Sanyin Hunturu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan taso daga hamadar Sahara, ta zo da sanyi da ƙura. Lokacin ne kuma manoman Makarfi da Kudan ke saran rake, na Ikara na ban ruwan tumatir. Yara kan bi iyaye fadama tun da sassafe, wasu kuma su tafi makarantar allo da asuba.

Jikin yaro ya fi na babba saurin yin sanyi. Saboda haka kafin ya fita a ba shi koko ko kunu mai zafi. A sa masa riguna biyu ko uku, domin iskar da ke tsakaninsu tana riƙe ɗumi, in rana ta yi a tuɓe ɗaya. A sa masa hula da takalmi, a shafe shi da man kaɗanya saboda kaushi. Rigar da ta jiƙe wajen ban ruwa a cire ta nan take. Jariri kuwa, bayan uwarsa ya fi ko'ina ɗumi, amma a rufe kansa.

Wajen jin ɗumi ake yawan ƙuna. Kada a bar yara su kaɗai a bakin wuta, balle mai rigar leda.

Idan yaro na tari, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, alamar ciwon huhu ce. A kai shi asibiti a ranar.