Yadda Lauya Ke Buɗe Ofishin Kansa Ya Kuma Riƙe Shi

Matashin da ya gama Makarantar Horar da Lauyoyi, a Bwari ya yi ko a Bagauda, aka rantsar da shi, aka rubuta sunansa a kundin Kotun Ƙoli, sau da yawa burinsa na gaba shi ne ya ga sunansa a jikin ƙofa. Buri ne mai kyau, amma kada ya yi gaggawa. Ya fara zama ƙarƙashin wani babban lauya na 'yan shekaru, ya ga yadda ake shigar da ƙara a rajista, da yadda ake kwantar wa mutumin da aka ƙwace wa gona hankali har ya iya ba da labarinsa daki-daki. Ba a koyar da wannan a aji.

Idan lokaci ya yi, da takardu ake farawa. Ya yi wa sunan ofishin rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ya sanar da reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, na garin da yake cikin kwana 30 da fara aiki. Ya biya kuɗin izinin aiki na shekara kafin watan Maris ya ƙare, ya karɓi hatimin da ƙungiyar ke bayarwa, wanda ake liƙawa a takardun da ya sa wa hannu. Wajen zaɓen suna a kula: ƙa'idojin sana'ar sun hana wanda yake shi kaɗai ya sa sunan da zai nuna kamar yana da abokan tarayya. Kuma ko da ofishin ya yi suna, da sunansa na kansa zai riƙa sa hannu a takardun kotu. A shari'ar Okafor da Nweke, a 2007, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan ofishi, kuma an yi asarar ƙararraki masu yawa ta wannan hanya.

Ɗaki ɗaya ya isa, muddin yana da ƙofar da ake rufewa, domin mai maganar gado ko ta aure ba zai saki jiki ba idan ana jin sa daga waje. Ya nemi wurin da ba shi da nisa da kotu. A Kano, wanda yawancin aikinsa na Kotun Musulunci ne zai so kusa da Ƙofar Kudu, mai zirga-zirga a Babbar Kotu kuwa ya duba wajen Sakateriyar Audu Bako. Ofishin ba ado ba ne, don ƙa'ida ba ta yarda lauya ya riƙa bin mutane gida ko shago yana karɓar aiki ba, sai da wani uzuri na musamman.

Yanzu ga babbar tambaya: ta ina mutane za su zo? Lauya ba ya talla irin ta mai sabulu. Ƙa'idojin sana'ar na 2007, waɗanda aka sabunta a 2023, sun ba shi damar ya kafa allo madaidaici marar ƙyale-ƙyale, ya buga katinsa, ya bayyana kansa cikin gaskiya. Sun hana shi cewa ya fi wane, ko ya riƙa shelar yawan shari'o'in da ya ci, ko ya raba takardun talla a titi. Sun kuma hana amfani da 'yan kamasho, wato ya ajiye wani a ofishin 'yan sanda, ko asibiti, ko gidan yari, yana turo masa mutane ana ba shi na goro. Na san wannan hanya tana kawo kuɗi da wuri, kuma sabon lauya da kuɗin haya ke jira zai ji tana jan sa. Sai dai wanda aka kawo ta wannan hanya ba lauyan ya zaɓa ba, sayar da shi aka yi a lokacin da yake cikin tashin hankali, kuma ranar da ya gane, shi zai fi kowa ɓata sunan ofishin.

Hanyar da aka bari a buɗe ita ce ilimantarwa, kuma a ƙasar Hausa ba ƙaramar hanya ba ce. Lauyan da zai shiga gidan rediyo ko shafinsa na Facebook ya yi bayani da Hausa tsantsa a kan haƙƙin ɗan haya, ko abin da ya kamata a bincika kafin a sayi fili, ko cewa belin 'yan sanda kyauta ne, ya yi wa jama'a aiki, su kuma sun riƙe sunansa. Sauran kuma daga bakin waɗanda ya yi wa aiki yake fitowa. Ɗan kasuwar da aka rubuta wa yarjejeniya mai kyau, aka kuma ɗaga wayarsa duk lokacin da ya kira, shi zai kawo maƙwabcinsa na layi.

Maganar kuɗi a yi ta tun zaman farko, a rubuce. Kunya tana cutar lauyoyinmu a nan, musamman idan ɗan'uwa ne ko ɗan unguwa: a yi aiki a kan "za mu daidaita", daga baya zumunci ya lalace. Tun 2023 akwai dokar da ta ƙayyade mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa, sai ya jingina da ita. Idan aka hana shi haƙƙinsa, ba ya zuwa kotu sai ya aika da takardar lissafin aikinsa ya jira wata guda.

Asusun banki kuwa biyu ne, kuma ba sa haɗuwa. Ɗaya na ofis, ɗaya na kuɗin jama'a: kuɗin cinikin gida da aka ba shi ajiya, hayar da ya karɓo wa mai gida, diyyar da aka biya ta hannunsa. Wanda yake shi kaɗai ba mai duba shi, kuma da "bari in ara zuwa ƙarshen wata" ake farawa. Irin wannan ne ke kai lauya gaban kwamitin ladabtarwa, har a soke sunansa daga kundin da ya sha wahala kafin ya shiga.

Sai littafin ranaku. Kowace shari'a da fayil ɗinta, kowace ranar zama a rubuta ta a littafi da waya tun kafin a bar harabar kotu. Ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar da ba ta laifi ba wata 3 ne idan hukuncin ƙarshe ne, kwana 14 idan na tsakiyar shari'a ne. Wanda ya bari lokaci ya wuce sai ya koma roƙon kotu ta ƙara masa, kuma ba dole ne ta yarda ba.

Tun da mutum ɗaya ba ya tsayawa a kotu biyu da ƙarfe 9 na safe, kuma ciwo ba ya sallama, ya ƙulla da lauya ɗaya ko biyu da ya amince da su, waɗanda za su tsaya masa idan ya kasa zuwa, shi ma ya tsaya musu. Ya ba su fayil ɗin tun daren jajibirin zaman tare da bayanin inda aka kwana, ya kuma kira wanda yake wa aikin ya faɗa masa sunan wanda zai gani a kotu washegari.